Wace Irin Mota Ta Dace da Hanyoyin Anka da Bukkuyum da Gummi?

Ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki Anka ko Bukkuyum ko Gummi, idan Allah ya hore masa abin sayen mota, galibi sau ɗaya zai yi wannan ciniki cikin shekara goma ko fiye. Kuɗin kuwa da gumi ake tara su. Wani adashi ya zuba shekara da shekaru, wani rance ya ci daga ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarsu ana yanka a albashinsa kowane wata, wani kuma sai da ya sayar da shanu ko wani yanki na gonar gado kafin ya cika. Saboda haka idan zaɓen ya karkace, iyali duka ne za su daɗe suna ɗanɗana kuɗarsa. A wannan yanki na yammacin Jihar Zamfara kuma akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni, domin tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyi, motar da ta mutu a tsakiyar daji da la'asar tana iya jefa mai ita da waɗanda ya ɗauko cikin abin da ba a fata.

Duk da haka, yawancin masu saye sukan fara ne da tambayar wace mota ake yayi, ko wacce mutane za su gani su san lalle an samu ci gaba. Tambayar da ta kamata ta zo da fari ita ce, wace hanya motar za ta riƙa bi?

Mai fitowa daga Gusau yakan bi babbar hanyar Sakkwato ta Bunguɗu da Maru, sa'an nan ya ratse a Mayanci ya nufi Anka. Daga Anka hanya ta miƙa ta Nasarawar Burkullu, a ƙasar Bukkuyum, zuwa Ɗaki Takwas, inda ta rabu, ɗaya ta yi Gummi, ɗaya kuma ta yi kudu zuwa Zuru ta Jihar Kebbi. Wannan ita ce ƙashin bayan yankin, kuma wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kanta ba, ƙaramar mota ta ishe shi. Amma malamin firamare ko malamin gona ko ma'aikacin asibiti da aikinsa yake a ƙauye, da zarar ya sauka daga kwalta ya shiga wata duniya. Da rani yashi ne da ƙura da ramukan da manyan motoci suka haƙa, da damina kuma laka ce da ƙoramu masu cikowa cikin sa'a guda, ga fadamun Gulbin Zamfara da suke shan ruwa har su ƙi takuwa.

An ga gaskiyar wannan a shekarar 2010, sa'ad da gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu kai agaji da manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu suka riƙa shiga waɗannan wurare, amma ko da su ma, da ruwa ya sauka sosai sai isa wasu ƙauyukan ya zama jan aiki. Wanda ya taɓa bin hanyar Anka zuwa Bagega a watan Agusta ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ire-iren motocin da bambancinsu

Ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da but a baya, watau salun, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Civic, ita ce ta fi yawa a hannun ma'aikata. Tana da sauƙin shan mai da daɗin tuƙi a kan kwalta. Rauninta yana ƙarƙashinta. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa galibi ba ta wuce santimita 13 zuwa 16, idan kuma aka cika ta da mutum biyar da buhun gero a but sai ta ƙara zama. Dutse guda a tsakiyar hanyar burji ya isa ya fasa kaskon baƙin mai, man ya tsiyaye direba bai sani ba, inji ya buga.

Wagon kuwa salun ce da aka tsawaita bayanta domin kaya. A tashoshin Gummi da Anka ita ce jakar aiki, musamman Volkswagen Golf ƙirar nan ta uku, wadda aka ƙera a shekarun 1990. Abin mamaki ne mota mai shekara talatin ta ci gaba da ɗaukar fasinja da lodin da mai ƙera ta bai taɓa mafarkinsa ba, amma dalilin a fili yake: babu garejin da ba a san ta ba, kuma kayan gyaranta sababbi da na hannu suna nan a kowace kasuwa. Sama da ita akwai motocin iyali masu kujera bakwai, irin su Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, da Toyota Sienna, sai kuma bas irin Hiace, wadda ta fi dacewa da mai neman abinci da haya.

Akan yi ruɗu ƙwarai a kan jif. Jama'a sun ɗauka duk mota mai tsayi tana ja da ƙafa huɗu, alhali kuwa da yawa daga cikin RAV4 da CR-V da Highlander da ake shigowa da su daga Amurka ƙafafun gaba kaɗai suke ja, daidai da Corolla. Tsayinsu yana da amfani a kan ramuka, amma a cikin taɓo za su kafe kamar kowace salun. Wasu kuma suna rarraba ƙarfi ga ƙafafun huɗu da kansu idan santsi ya kama, wannan yana taimako a yashi da laka marar zurfi. Masu ja da ƙafa huɗu na ainihi su ne irin Land Cruiser da Prado da wasu Hilux, waɗanda ke da wata giya ta daban mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, domin hawan gaɓar rafi ko fita daga laka. Kada mai saye ya dogara da rubutun da ke manne a bayan mota, gwamma ya sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya.

Sai a-kori-kura, mai buɗaɗɗen baya. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968, kuma a ƙasar noma irin wannan babu motar da ta kai ta amfani, domin ta kai taki gona, ta kwaso dawa da wake, ta kai marar lafiya asibiti. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa fiye da santimita 20, sifirin ɗinta na baya kuma an yi shi ne domin nauyi. Sai dai tsadarta ta fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata, ga kuma wani abin dubawa, watau kasancewar irinta jami'an tsaro da manyan ma'aikatan gwamnati ke hawa, tana jawo ido a hanyar da ake son a wuce ba a lura da mutum ba. Manomi ko ɗan kasuwar hatsi wanda lodi ne gabansa, sau da yawa ƙaramar Kanta ta fi masa riba.

Darasin Fijo

Dattawan da suka yi aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ba su sha wannan wahalar zaɓe ba. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a aljihun ma'aikata, ga kuma rancen mota da gwamnati ke bayarwa. Ba da daɗewa ba gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da Fijo motar ofis, manya da ƙanana. Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ƙafafun baya take ja, tana da shokozoba masu haƙuri da ramuka, har ma ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975. 'Yar'uwarta 404 a-kori-kura kuwa ita ta riƙe kasuwannin ƙauye shekaru da dama.

Akan yaba ƙarfin 504, kuma ta cancanci yabon, amma abin da ya fi ba ta daraja a wuri kamar Bukkuyum shi ne kowa ya san ta. Yaron gareji ya san ciwonta tun daga ƙararta, kafireto ne a wanke, fulogi ne a canja, kayan gyara kuma daga Kaduna suke zuwa ba daga ƙetare ba. Da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai aka koma ga na hannu daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, daga baya kuma na Amurka suka cika kasuwa. Yau mai saye yana da zaɓi ɗari, amma a cikinsu kaɗan ne bakaniken garinsu zai iya kwancewa ya ɗaura. Har yanzu ana harhaɗa sababbin motoci a ƙasar nan, kamar na Innoson a Nnewi da na kamfanin Dangote da Peugeot a Kaduna, sai dai galibi hukumomi da kamfanoni ne ke iya sayensu.

Saboda haka shawarar da ta fi kowace amfani ita ce, kafin mutum ya je wurin dillali ya fara zuwa gareji. Ya zaga garejin Anka ko na Gummi ya ga waɗanne motoci ake gyarawa a sallama a yini guda, waɗanne ne kuma suka yi watanni a kan duwatsu ƙura ta rufe su ana jiran kaya daga Kano ko Legas. Waɗannan na biyun sau da yawa su ne motocin alfarma da aka saya da araha, Marsandi ko BMW ko wata jif ta Turai wadda mai ita na farko ya gaji da ita. Kuɗin sayensu yakan yi daɗi, amma na'ura guda ta lantarki in ta lalace sai an ɗora motar a kan wata an kai Gusau ko Sakkwato inda ake da kwamfutar gano ciwo. Araha dai ba ta ado. Corolla kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1966 aka kuma sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, ba ta burge kowa a wurin ɗaurin aure, amma da wuya ta kwana a gareji don rashin kaya.

Haka batun giya yake. Otomatik tana da daɗi, musamman ga sabon matuƙi, amma gyaranta sai gwani, kuma wasu na zamani suna da man giya nasu na musamman wanda in aka zuba wani daban giyar ta tafi ke nan. Manuwal kuwa kulocinta kowa na iya canjawa. Bugu da ƙari, ranar da batir ya mutu a ƙauyen da babu wata mota, manuwal yara huɗu za su tura ta ta tashi, otomatik kuwa ko gari duka ya taru ba za ta tashi da turi ba.

Lissafin mai

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, girman inji ya zama abin lissafi na farko. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta ninka sau da yawa, har ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, kuma garuruwan da ke nesa da manyan rumbunan mai su ne kan fi saye da tsada.

Alal misali, a ƙaddara ma'aikaci yana cin kilomita 1,000 a wata, tsakanin zuwa aiki da kai yara makaranta da zuwa Gusau sau ɗaya ko biyu. A ƙaddara kuma ƙaramar mota mai silinda huɗu tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, babba mai silinda shida kuma tana shan lita 13. Ta farko za ta sha lita 80, ta biyu lita 130. Idan aka yi lissafi a kan Naira 900 kowace lita, ɗaya ta ci Naira 72,000, ɗayar kuma Naira 117,000. Bambancin Naira 45,000 ne a wata, watau Naira 540,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta 2024 ta yanka kuwa Naira 70,000 ne. Wannan ya nuna ko ƙaramar motar ma ba ta kowane ma'aikaci ba ce, kuma babu abin kunya ga wanda ya duba aljihunsa ya tsaya a kan babur har zuwa wani lokaci.

Akwai kuma ranar da man zai yi wuya ko da kuɗi a hannu. A shekarar 2021, cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, Gwamnatin Jihar Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita sayarwa ga gidajen man Gusau da hedkwatocin ƙananan hukumomi, ta kuma ƙayyade abin da za a sayar wa mutum guda. A irin wannan lokaci mai motar da ke tafiya nesa da mai kaɗan shi ne ya yi dariya.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mai da motoci su yi amfani da iskar gas a 2023, kuma iskar ta fi fetur araha. Amma wanda ke zaune a Gummi, kafin ya kashe kuɗin juya motarsa, lalle ne ya tabbatar da inda zai riƙa cikawa da nisan wurin daga gidansa, ya kuma tuna tukunyar gas ɗin za ta cinye rabin but. Motar lantarki zalla kuwa tana bukatar tsayayyar wuta ta sa'o'i da yawa, abin da mazauna yankin suka fi kowa sanin matsayinsa. Masu haɗa fetur da batir, irin Prius da Toyota ta fito da ita a 1997, suna da sauƙin mai ƙwarai, sai dai tsohon batirinsu in ya gaji, kuɗin sabo da mai iya sa shi duk ba a kusa suke ba.

Ranar ciniki

Da yake kusan kowa ta hannu zai saya, a nan ne akan yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. Kada a je ciniki da dare ko cikin ruwan sama, kuma kada a je ba tare da bakaniken da mai saye ya amince da shi ba, ba wanda dillali ya kawo ba. A tarar da injin a sanyaye, a ga yadda zai tashi da irin hayaƙin da salansa za ta fitar. Hayaƙi mai shuɗi alama ce ta inji mai shan baƙin mai. A buɗe murfin baƙin mai, idan aka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, mai yiwuwa ruwa yana haɗuwa da mai. A duba lagireto da fankarsa da kyau, domin zafin watan Afrilu a ƙasar Zamfara yakan haura digiri 40, kuma motar da ke da raunin sanyaya inji a nan asirinta ke tonuwa.

A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sunsuna, a duba ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston na Amurka a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan da na haɗari sukan bi ta gwanjo su ƙare a Afirka ta Yamma an yi musu wanka da sabon fenti. Ba sai an je nesa ba ma, ambaliyar da ta ci garin Gummi a watan Agusta na 2024 ta isa ta tuna wa kowa cewa motar da ta kwana cikin ruwa tana iya fitowa kasuwa tana ƙyalli, wayoyinta kuwa suna ruɓewa a hankali. Kowace motar zamani tana da lambar jiki mai haruffa da alkaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba. A tabbata ta yi daidai da ta takardu, ɗalibin da ya iya intanet kuma zai iya taimaka wa mahaifinsa ya binciko tarihin motar Amurka da wannan lamba.

Wani abin tsoro shi ne motar da aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motocin da aka ƙera domin Ingila ko Japan, masu sitiyari a dama, akan yanke su a mai da shi hagu. Idan aikin bai yi kyau ba, sitiyari ko birki na iya ƙwacewa ana cikin gudu. Komai arahar irin wannan, barinta ya fi.

Takardu ma sukan ci mutum. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina bi ta daji daga Kwatano da Nijar ba, kuma motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba ana iya ƙwace ta a hannun mai ita na uku ko na huɗu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a biya. Inshorar dole ta ƙananan motoci kuma ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun farkon 2023, a sa ta cikin lissafi tare da kuɗin rajista da lasin tuƙi.

Ɗalibai da ke zuwa Kwalejin Ilimi ta Maru ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu ba saye ne gabansu ba tukuna, amma su ma suna zaɓen mota duk ranar da suka shiga tasha. Abin da ya fi kamata su duba, su da mai saye baki ɗaya, shi ne taya. A gefen kowace taya akwai alkaluma huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, domin roba takan bushe ko da zanenta bai cinye ba, kuma zafin kwalta da nauyin lodi su ke fasa ta. Motocin hannu da yawa sukan zo da tsofaffin tayoyi, wasu ma na ƙasashen ƙanƙara ne waɗanda ba a yi su domin zafin nan ba. Saboda haka wanda zai saya ya ware kuɗin taya huɗu da safaya mai kyau da jak tun kafin ya fara taya motar, ya kuma canja baƙin mai da matatar iska da bel ɗin inji kafin ya ɗauki hanyar Ɗaki Takwas karo na farko.